Tarihin Ƙaltume Barau, Wadda Ta Shekara Shida Tana Jiran Baƙi'a

Haihuwa da karatu

An haifi Hajiya Ƙaltume a garin Gumel a shekarar 1955, mahaifinta Malam Barau ɗinkin hula yake yi, mahaifiyarta kuwa Shafa'atu ce. Ta sauke Alƙur'ani a gaban kawunta, ta yi firamare har aji bakwai, sannan ta koyi ɗinkin keke, sana'ar da ta riƙe har lokacin da likitoci suka sa mata ranar tafiya.

Aure da ƙaura

A shekarar 1974 ta auri Malam Haladu, malamin Larabci, mutum mai yawan littattafai da ƙarancin abokai. Allah ya ba su 'ya'ya uku: Abdussamad, Suhaib da Ikram. A 1990 mijin ya sami aikin gyaran kurakurai a wata maɗaba'a da ke unguwar Sulɗana a Madina, iyalin suka tare a wani gidan haya a unguwar Jurf, inda ta ci gaba da yi wa matan Hausawa ɗinki. Da yake iƙamar uba, wato takardar izinin zama, ba ta ɗaukar ɗa namiji bayan ya girma, Abdussamad ya koma gida a 1994, Suhaib ya bi shi a 1997.

Rashin lafiya

A farkon 1999 cikinta ya fara kumburi, abinci kaɗan ya riƙa isarta. Mata suka ce ƙiba ce, mijin, duk da karatunsa, ya yarda da su. Sai a ƙarshen shekarar aka gano sankara ce ta gidan ƙwai da ke gefen mahaifa, kuma ta riga ta yaɗu a cikin ciki. Aka yi mata tiyata, aka ɗora ta kan maganin da ake kira kimawi, likita kuma ya shaida wa mijin cewa irin wannan ba kasafai take barin mace ta wuce shekara biyu ba.

Labari ya bazu a Jurf, gida ya cika da masu dubiya, amma yawancinsu barka suka zo yi. Mutuwa a Madina da kwanciya a maƙabartar Baƙi'a, kusa da sahabbai, rabo ne da mutane ke sayar da gona don nemansa. Maƙwabciyarta Tasallah ta ce mata, "Yaya Ƙaltume, ke kam kin dace. Mu da muke nan tun kakanni ba mu da tabbas, ke an ba ki da lokaci." Ta karɓi wannan magana da gaske. Ta yanka likkafaninta da hannunta, ta raba tukwanenta, ta ba Tasallah keken ɗinki, ta kuma yi alwashin ba za ta sake fita daga Madina ba, kada ajali ya riske ta a wata ƙasa.

Shekarun jira

Shekara biyu ta cika, ba ta rasu ba. Gashinta ya tsiro, ta koma cin abinci, masu dubiya kuwa suka fara raguwa, domin an riga an yi bankwana, kuma bankwana ba abin maimaitawa ba ne. Wata rana ta aika a aro mata kekenta, Tasallah ta kawo shi da kanta tana cewa, "Yaya, kyauta ce ko ajiya? Ki faɗa min in san matsayina." Ƙaltume ta yi dariya ta ce kyauta ce, ba ta sake tambaya ba.

A 2002 aka ɗaura auren Ikram a Gumel. 'Yar ta roƙe ta har da kuka, ta ce, "Umma, sati biyu ne kawai." Ta ƙi. Ikram ta tafi tare da mahaifinta, ya dawo shi kaɗai. Daga nan rayuwarta ta zama tsakanin taga da darduma da asibiti, miji yana maɗaba'a tun safe yana gyaran kurakuran wasu.

Abin da aka gani a cikin tsiron

A 2003 wata likita 'yar Sudan, mai binciken nama a madubin likita, ta karanta wani sabon nazari, ta ciro guntun tsiron da aka yanke wa Ƙaltume tun 1999 ta sake dubawa. Ta bayyana musu cewa jiki yana da ƙwayoyin garkuwa masu yaƙi da cuta, kuma a jikin wasu matan ba sa shiga tsiron, iyakarsu gefe, alhali a jikin wasu suna kutsawa har tsakiya. Binciken ya nuna cewa waɗanda ƙwayoyinsu suka shiga sun fi daɗewa, cutar kuma ta fi jinkirin dawo musu. Na Ƙaltume cike yake da su. Likitar ta ƙara da cewa, "Hajja, wannan ba alkawari ba ne, amma kina cikin masu sa'a."

Ƙaltume ta tambaya ko tun ranar tiyata ƙwayoyin suke ciki. Aka ce tun ranar. Ta juya wajen mijinta ta ce, "Malam, ashe da na je bikin." Ba laifin kowa ba ne: a 1999 ba a duba irin wannan don faɗin kwanan mara lafiya. Hujjar tana ajiye a asibiti shekara huɗu, ita kuma tana zaune kusa da likkafani.

Ƙarshen rayuwa

A 2004 Ikram ta haifi 'ya mace aka sa mata sunan kakarta. Ƙaltume ta yi wata da watanni tana juya lamarin, daga bisani ta warware alwashinta, ta ce ƙwayoyin garkuwar da suka tsare ta shekara biyar ba za su gaza a wata guda ba. Ta ɗinka wa jaririya riguna da allura da zare, aka tsayar da tafiya bayan aikin Hajji. Kafin lokacin ciki ya sake kumburi. An maimaita kimawi, bai yi tasiri ba, likitoci suka hana ta hawa jirgi. A kwanakinta na ƙarshe ba ta ambaci Baƙi'a ko sau ɗaya ba. Girman yarinyar take tambaya, ko rigunan za su shige ta.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a watan Rajab na 1426, daidai da Agusta 2005, tana da shekara hamsin. An sallace ta a Masallacin Annabi (SAW) bayan La'asar, aka binne ta a Baƙi'a, inda ba a rubuta suna a kan kabari. Babu ɗanta ko ɗaya a wurin. Matan Jurf sun taru sun ce ta dace, kuma gaskiya suka faɗa. Mijinta ya koma bayan mako guda bai iya gane kabarin ba.

Ta bar mijinta Malam Haladu a Madina, da 'ya'ya uku: Abdussamad a Kano, Suhaib a Fatakwal, Ikram a Gumel, da jika ɗaya, Ƙaltume, wadda rigunan suka isa hannunta bayan sun yi mata kaɗan. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta da jira.