Lemun da Yaya Shu'aibu Bai Sha Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da jirgin Yaya Shu'aibu ya faɗi, amma har yau in na ji rugugin jirgi a saman Lafia sai in tsaya cak sai ƙarar ta wuce.

Yayana ne ciki ɗaya, matuƙin jirgin soja. Da aka kai shi ƙasar waje koyon tuƙi, sharaɗin shi ne ba zai tuɓe kaki ba sai ya yi musu shekara goma. Da ya dawo sai ya dasa lemu a gonar Baba da ke Agyaragu, ya ce kafin itatuwan su kankama ya gama, ya dawo gida manomi. Iya ta riƙe maganar nan gam. Ba ruwanta da kalandar bature, lemun nan ne lissafinta, duk ranar kasuwa sai ta aika a dubo mata tsawonsu.

Abin da ba a gaya mata ba, ba a ƙara wa hafsa girma sai ya je kwas, kowane kwas kuma da nasa shekarun da ake ɗorawa kan na baya. Mu muna ta guɗa an ƙara masa anini, shi yana ta ramewa. Wata Babbar Sallah na miƙa masa ruwa, na ga kofin yana rawa a hannunsa. Ya ce, "Ladi, jiragen namu duk sun tsufa, kayan gyara ba sa zuwa. Abokaina biyu sun rasu bana. Kar ki gaya ma Iya." Na ce to ya bar aikin mana. Ya yi dariyar yaƙe. "Soja ba ya risain kamar ticha. In na gudu, kotun soja ne." Tun daga ranar tsoro bai sake ni ba.

Shekarar da lemun ya fara 'ya'ya da gaske, Iya ta cika kwando ta ba wani direba ya kai masa bariki. Direban ya dawo da kwandon ba a taɓa ba, hafsoshi biyu na biye da shi, hula a hannu.

Yau itatuwan sun fi ɗaki tsawo. Ɗansa Nasiru, wanda ya tashi a hannuna, ya zama saurayi, tafiyarsa da taurin kansa duk na uban ne. Makon jiya ya durƙusa a gabana ya ce, "Goggo, ni ma zan shiga sojan sama. Shekara goma ne kawai." Kawai! Ina ta tambayar kaina me Yaya zai ce masa. Zai yi alfahari ne, ko zai nuna masa hannun nan mai rawa? Ni ba ni na haife shi ba, kuma ina jin tsoron in hana shi ya tafi ba sallama.

Na ɗauka lemun ne kaɗai abin da Yaya ya bar mana da ba zai tashi sama ba, shi da yaron nan. Jiya wani maƙwabcin gonar ya zo Lafia, ya ce ya ga Nasiru a gefen itatuwan ubansa, yana haƙa sababbin ramukan dashe, kamar yadda uban ya yi da zai fara nasa shekaru goman.