Reshen da Doña Hermosina ta Sata

Ganyen da ya yi rawaya bai ba Doña Hermosina Quilodrán tsoro ba. Fuskar 'yarta ce ta ba ta tsoro. Yasna na durƙushe a gangaren gonar inabi, ta kama wani ɗan tsiro da ganyensa bai yi kama da na sauran ba, ta ɗago kai ta ce, "Mama, wannan daga ina?"

"Daga jakar Bature," in ji uwar tana dariya. "Tsohon nan na Fotugal da ya zo bara lokacin sassabe."

Yasna ba ta yi dariya ba. Ta dubi tsiron, ta dubi tsofaffin itatuwan inabin da ke kewaye da shi, duk sun yi yaushi. Nan take dariyar Doña Hermosina ta ɗauke, tun ba a gaya mata kome ba.

A nan kwarin Itata aka haife ta, a nan ta auri Abdón, a nan ta binne shi. Inabin da ya bar mata ya girmi kakansa. Itatuwan gajeru ne, a durƙushe kamar tsofaffi masu jin ɗumi, ba a ɗaure su da waya, ba a yi musu ban ruwa, abin da sama ta ba su shi suke sha. Ita ke bin doki da garma a tsakaninsu, ita ke murje 'ya'yan a kan ragar gora, ruwan ya gangara cikin tsofaffin ganguna na katako. Da matafiya suka fara zuwa kwarin neman giyar da ake yi irin ta kakanni, sai ta shimfiɗa tebur a gindin itacen ɓaure. Duk wanda ya zo zai ci burodin da ta gasa a toka, da yaji, ya sha kofi ɗaya na giyar, ya ji labarin Abdón ko yana so ko ba ya so.

Aibinta ɗaya, in aibi ne, kuma duk matan kwarin suna da shi: ba ta ganin tsiro ta ɗauke ido. Kowa a nan ya san reshen da aka ba ka kyauta ba ya kamawa, wanda ka sata shi ke yin saiwa. Gwangwanayen da ke jere a ƙofar gidanta, babu ɗaya da ba na sata ba. Akwai fure daga farfajiyar coci, akwai na'ana'a daga gidan surukarta da suka yi shekaru ba sa magana. Don haka ranar da tsohon matafiyin nan, Amandio, ya ajiye jakarsa ya zaga bayan gida, ta hango ɗaurin rassan inabi naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, hannunta bai yi shawara da ita ba. Ta zare ɗaya ta tura a haɓar zane. Da yamma ta dasa shi a gurbin wani da ya mutu.

"Mama," Yasna ta ce, murya can ƙasa. Ba ta daɗe da gama karatun aikin gona a birnin Chillán ba, abin da ta karanta yana nan ɗanye a kanta. "Akwai wani ƙwaro da ke cin saiwar inabi. Ido da ƙyar yake ganinsa. Ya taɓa cinye gonakin ƙasar su mutumin nan kaf. Bai taɓa shigowa ƙasarmu ba, shi ya sa namu suke raye har yau. A jikin reshe yake tafiya, ko cikin ƙasar da ta manne masa."

"To sai a fesa magani."

"Ba shi da magani. Tumɓukewa ake yi a ƙone. Namu da na maƙwabta."

Doña Hermosina ta yi alamar gicciye, ta nemi dutse ta zauna. Daga nan ana hango kwarin duka: gonar maƙwabcinta Floridor, gonar iyalan Sepúlveda, har can ƙetaren rafi.

"Kada ki gaya wa kowa," ta ce. "Mu cire shi mu jefa a murhu. Wa ya gani?"

"In ya shiga ƙasa, ya riga ya shiga. Dole in kira ma'aikatar gona."

"Ni na biya kuɗin karatunki don ki kira mini masu ƙona gonar ubanki?"

Yasna ta fashe da kuka, amma ta hau kan tudu inda waya ke kamawa, ta kira. Aka ce kada su taɓa kome, kada su bar kowa ya shiga, za a turo mutane.

Ranar nan Doña Hermosina ba ta hura wuta ba. Wasu matafiya biyu suka tsaya da mota a bakin hanya, ta ɗaga musu hannu su wuce, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta riƙa zagaya gonar daga gefe tana kiran itatuwan da sunayen da ta sa musu, Gurguwa, Mai Taurin Kai, Uwar Gida. Tana tunanin yadda za ta shiga coci ran Lahadi, idon kowa a kanta, macen da kwaɗayin reshe ɗaya ya sa aka ƙone kwari. Ta ce a ranta tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan ruwan kowa zai doka.

Da la'asar sai ga Don Floridor, maƙwabcinta, tafe da shanun nomansa daga dawa. Tun suna yara suke tsokanar juna, kuma shi ke kai baƙi yawon gonaki a amalankensa. Ya tsaya a bakin shinge.

"Tsohuwa, wa ya mutu? Ban ga hayaƙi ba. Ko yau baƙin sun gane burodinki dutse ne?"

"Kada ka shigo, Floridor. Tsaya nan."

Yasna ce ta ba shi labari, don uwar ta kasa. Ya saurara yana sosa ƙeya. Da aka zo kan jakar Bature, sai ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Doña Hermosina ta ɗauka kuka yake yi.

"Bature mai jar jaka? Mai ɗingishi?"

"Shi."

"Hermosina, ke dai ɓarauniya ce marar sa'a. Rassan nan naki ne!"

"Nawa kamar yaya?"

"Na farin inabin nan da ke bayan rijiyarki, wanda Abdón ya dasa. Mutumin ya gan shi daga kan amalanke, ya ce irinsa ke ƙofar gidan uwarsa yana yaro. Har da hawaye. Ya ce zai roƙe ki. Na ce kul! In ka roƙa ba zai kama ba. Ni na ara masa wuƙa, ni na tsaya ina duba hanya kina can kina juya toka."

Doña Hermosina ta miƙe tsaye a hankali.

"Wato kai ka kawo ɓarawo gonata."

"Ke kuma kika yi wa ɓarawon sata. Wa zai kai ƙarar wa?"

"Tsohon banza! Shekara guda kana cin burodina da wannan a cikinka?"

"Burodin ne ya danne shi."

Yasna ba ta tsaya jin sauran ba. Ta tsinki ganye ɗaya daga ɗan tsiron, ta ruga bayan rijiya, ta ɗora shi a kan ganyen farin inabin. Tsagar iri ɗaya, gashin bayan ganyen iri ɗaya. A jikin itacen ga tabon wuƙa nan, yankan wanda bai saba ba. Ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya tana share hawaye.

"Baba Floridor, ka tabbata bai zo da wasu daga ƙasarsu ba?"

"'Yar nan, jakar a hannuna ta wuni. Ban da riga da maganin ciwon gwiwa babu kome a ciki. Na duba."

"Ki ji shi," in ji Doña Hermosina. "Har jakar baƙo yake dubawa."

Ta shiga gida ta hura wuta. Ta fito da burodi mai zafi da tulun giya, ta miƙa wa Floridor ta saman shinge, don Yasna ta ce har yanzu ba a shiga. Suka ci a haka, shi a waje, su a ciki, shanun suna kiwo a bakin hanya. Floridor ya ce yaushin nan na ɓerayen ƙasa ne, sun yi masa irin wannan ɓarna bara waccan. Doña Hermosina ta ce fari ne. Yasna ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta ce kome ba sai an duba.

Mutanen ma'aikatar sun zo washegari da fararen takalman roba. Suka haƙa gindin itatuwan da suka yi yaushi, babbansu ya juya saiwar a tafin hannu, ya duba da madubi, ya ce shi dai bai ga abin da ake tsoro ba. Duk da haka suka zuba ƙasa da saiwa a leda, suka zagaye wurin da igiya, suka sha giya kofi ɗai-ɗai a gindin ɓaure.

Doña Hermosina ta koma karɓar baƙi, sai dai ba ta kai su gangaren. Tana barci yanzu, Yasna ce ba ta yi sosai. An ce sakamakon gwajin zai fito daga babban birni, Santiago. Har yau bai iso ba.