Duwatsun Carabke a Cikin Garaya

Lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Gagarawa, garayar Baffana ta kamu da ciwo. Shi ke yi wa mafarauta kiɗa, ga fita farauta saura kwana biyu, amma da ya taɓa tsirkiya sai ka ji kacau-kacau kamar akuya ta shiga rumbu.

Ni kaɗai na san dalili. Inna ta hana ni carabke saboda na ƙona miya, ta rantse in ta ga duwatsuna sai ta zuba su a rijiya. Wata guda na yi ina tsintar su, shi ya sa na zura su ta ƙofar garayar.

Baffa ya sauya tsirkiya, ya shanya fatar a rana, ya kori kaji daga tsakar gida. Ƙarar na nan. Daga ƙarshe ya ce sammu ne, ya yi ta turara ta har ita ma ta kusa yin tari.

Kaka ta ce, "Kai, miƙo min nan."

Ta kifa ta, ta girgiza. Duwatsu suka zubo a tabarma, kowa ya juyo gare ni.

"Ga sammunka nan," in ji ta. "Ke 'yar banza, zauna. In kin cinye ni a carabke, duwatsun naki ne."

Tsohuwar da ba ta iya zura zare a allura ta cinye ni tas. Ta ƙulle duwatsun a bakin zanenta, sai aro take ba ni.