Malam Ila ya tafi, kada kowa ya taɓa faifan nan

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsakar gida ana jayayya kan ragon suna, aka kira ni: Malam Ila ya rasu.

Kwana biyar ke nan da aka haifa mini jika ta farko, bakina bai rufu ba don murna. Shi na fara gayyata.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne malamin makarantar yamma ta nan unguwar New Bell a Douala. Ina da furfura na zauna a bencinsa. Duk harafin da kuke karantawa yanzu shi ya sa mini a hannu. Da rana kuma shi ke kula da kwamfutocin wata masana'anta a unguwar Bassa, har rikicin nan ya tsananta, aiki ya ja baya, suka sallame shi da takarda mai layi uku.

Shekarar da ruwa ya shiga gidajenmu, takardun mutane da yawa suka zama kunu. Malam Ila ya bi gida gida, ya ɗauki hoton abin da ya tsira: takardun haihuwa, na fili, katin iyayenmu. Ya ɗaure na kowane gida a ƙunshi ɗaya cikin faifansa na kwamfuta. Da wata 'yar tsohuwar manhaja yake yi, wadda ya saba da ita a masana'anta. Ba hoto, ba abin latsawa. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta layi ɗaya ta tattara fayiloli ta ɗaure, ka canza harafi ɗaya ta kwance.

Samarinmu suka yi ta masa dariya, wai ƙunshinsa ba ya buɗuwa a waya, wai kayan zamanin kakanni. Ya kan ce ita dai ba ta neman intanet, ba ta neman rajista, rubutu daidai kawai take so.

Amma da aka fara tare mu a hanya ana tambayar takardu, ana kallon Bahaushen da aka haifi ubansa a Douala kamar jiya ya sauka daga mota, wurin wa kuka ruga? Masu dariyar nan su ne a gaban layi.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne wannan. Na isa gidan, ba a ma gama yi masa wanka ba, na ji wani ɗan uwansa, ba zan kama suna ba, yana cewa ya duba faifan babu komai sai shara da ba ta buɗuwa, gobe zai kai shago a goge a yi amfani da shi. Shara! Takardar ubana ce a ciki. Ta uban wanda ya faɗi maganar ma tana ciki.

Na ce masa idan ya taɓa faifan nan, ni da shi har gaban mai unguwa. Hajiya Asabe, matar marigayin, ta fito da idanu jajur, ta miƙo mini shi a naɗe cikin ɗankwali. Ta ce, "Alhaji, riƙe. Ya ce kai ka iya."

Ni ma ina jin haushin kaina. Shekara nawa yana roƙo a turo masa mutum biyu su koya, ba mu tura ko ɗaya ba.

Ranar Talata na je wurinsa don a fitar da takardar ɗana, saboda rajistar jaririya. Yana tari, ya turo mini kujerarsa.

"Yau kai za ka buga, Alhaji."

Na ce hannuna na ɗaukar buhu ne. Ya ce da buhun ma na zo aji, kuma na koya. Sau huɗu ina kuskure, na manta tazarar da ke tsakanin kalmomi. A na biyar sunayen takardun gidanmu suka gangaro a allon. Ya sa na kwafe layin a littafina na makaranta, ya duba, ya sa mini maki da jan biro kamar da.

"To, ka gaishe mini da amaryata," in ji shi, jaririyar yake nufi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Littafin yana aljihuna. Bayan addu'ar uku zan zauna a ɗakinsa in kwance wa kowane gida nasa. Wanda zai zo, ya zo da biro, don ba zan ba kowa takarda ba sai ya kwafi layin nan da hannunsa.

Allah Ya jiƙan Malam Ila, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya Asabe haƙuri. Wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba, musamman ku da kuka yi dariya.