Ƙwayar da Ta Buɗe Bakin Mai Kitso

Ƙanwar mijina ce ta fara ba ni labarin ƙwayar nan mai hana barci, a kan wata mai kitso da ake ce wa Bebiya. Ba bebiya ba ce fa, Allah ne ya yi ta da nauyin baki. Mace za ta ɗora kai a cinyarta, ta zazzage mata duk abin da ke tsakaninta da miji da uwar miji, ita kuwa sai dai "uhm", tana tsaga. Abin da ya shiga kunnenta ya shiga ke nan. Don haka ake zuwa mata, kitson nata ba wani na a zo a gani ba ne.

Da girma ya fara kama ta, sai ta riƙa gyangyaɗi a kan mutane. Ƙanenta, direban babbar mota, ya miƙo mata ƙwaya ya ce, "Yaya, gwada wannan, mu da ita muke cin hanya."

Ta haɗiye. Barci ya yi ƙaura, abinci ya fita ranta, maƙogwaro ya bushe, zuciya sai bugu kamar ana dukan ƙofa. Hannu ya zama inji. Ashe baki ma ya kama aiki! Tana cikin yi wa matar tela kitso sai ta ji kanta tana cewa, "Kin san matar mahauci ba ƙofa ce ta buge mata ido ba?" Sauran ba zan maimaita ba, ina tsoron Allah.

Mata suka yi ta salati, wai an ci amana. Washegari gidan ya cika, ko wurin ajiye takalmi babu. Har mai sabon kitso tsefewa take yi ta dawo. Kowacce ta zo jin na wata, ta ɗinke nata bakin.

Ita kuwa baiwar Allah, in ƙwayar ta sake ta, sai ta tuna abin da ta faɗa ta yi ta kuka. Ta rame, hannu na rawa, a salla ma sai ta rasa raka'a ta nawa take. Ran nan ta yanke jiki ta faɗi. Likita ya ce ko ta bar ƙwaya, ko zuciyar ta bar ta. Ta bari, da ƙyar da wahala.

Matar tela ta zo dubiya. "Sannu Yaya, Allah ya ƙara sauƙi. Amma likitan bai ce ki riƙa shan ko rabi-rabi ba?"

Yanzu manya sun ɗauke ƙafa, ba mai ba ta sirri, ba kuma abin ji. Kitson yara take yi, ta murmure. In ta tashi aiki sai ta bi gida-gida tana neman gafara. Kowacce sai ta ce, "Na yafe, duniya da lahira. Zauna mana. Wai ni, me wance ta ce a kaina?"