Faifan Ya Rauda

Kafin rikici ya koro su daga Bama, Sharhabilu ne mai ɗaukar sautin biki da suna a unguwarsu, ya buga a faifan sidi ya kai wa masu sha'ani. A lokacin ko kaza ka yanka sai ka kira shi. Da ya iso Gombe ya kama shago a unguwar Malam Inna, sai ya tarar duniya ta koma kan waya, faifai kuwa manoman Tumfure ke ratayawa a gona don korar tsuntsu. Abin ya yi masa ciwo.

Amma mutanen Borno ba su yar da nasu ba. Wasu da faifai a ƙullin zani suka gudo, duk ya kakkarce, ba na'urar da ke karanta shi. Sharhabilu ya samo wata manhaja ta kyauta a intanet mai bin faifai gaɓa-gaɓa, sai dai an rubuta ta da harshen kwamfuta da ake kira C, shi kuma ɗan harshen Python kawai ya iya. Mutum ne mai taurin kai. Ya zauna ya rubuta mata tafinta, yadda zai ba da umarni da Python ita ta aikata: in ta zo kan karce ta maimaita, ta sake maimaitawa, in ya gagara ta tsallake. Matarsa Kaltum ta ce ya yi mata kishiya da kwamfuta har ya rame.

Wata rana Ya Rauda, tsohuwar maƙwabciyarsu ta Bama, ta sauka daga keke Napep da faifan sunan jikarta. Mijinta Wakil ya rasu a hanyar gudu, ba hoto, ba kabarin da za a ziyarta. Ta ce addu'ar da ya yi ranar sunan take so ta ji. Sharhabilu ya duba faifan, ya ga karce ko'ina.

Ya yi kwanaki a kai. Addu'ar ba ta fito ba, karcen ya cinye ta. Abin da ya tsira guntu ne, Wakil na faɗa wai shayi ya huce, ina Rauda ta shiga ne. Da kunya ya kunna mata, yana ba ta haƙuri.

Ta yi dariya har hawaye ya zubo.

"Sake sa mini, ɗana," ta ce. "Tun da ya tafi ba wanda ya neme ni haka."