Inno Saude da Tawadar Shekarun Fari

A da, da hantsi za ka iske Inno Saude a ƙofar ɗakinta a Kamarawa, tana tsintar ƙaro a faifai, tana ware mai kyau daga mai ƙasa. Ta jiƙa shi, ta niƙa gawayi, ta haɗa. Yawancin tawadar da makarantun Isa har zuwa Bafarawa suka yi rubutu da ita daga tukunyarta ta fito. Bana ta ajiye aikin, ciwon baya ya hana.

A shekarun fari rijiyoyin garin suka ja baya, ɗan ruwan da ya rage ya koma zartsi. Lokacin Malam Ɗanmusa, limamin unguwa, yana rubuta Alƙur'ani da ka, ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya wuce rabi ke nan tawada ta lalace, baƙin ya kwanta ƙasa, ruwa ya taso sama.

"Inno, mi ya samu tawadag ga?" in ji shi.

"Ruwa na, Malam. Ƙaro na da rassa kamar icen da ya hito. Cikin ruwan daɗi shi kan buɗe su shi riƙe baƙi. In ya ji zartsi sai shi dunƙule, shi saki kome."

"To, idona ba shi jiran damana."

Ruwan daɗi sai a garin Tozai, can ma tulu guda ake ba kowane gida. Maijidda maƙwabciyar Inno ta kama ta tana juye rabonta a kan ƙaro, ita kuma tana shan zartsin. Ta rufe ta da faɗa.

"Cikina na iya haƙuri," in ji Inno. "Ƙaro ba shi iyawa."

Taurin kai dai Allah ya ba ta. Cikin kuwa bai yi haƙurin ba, ta rame har tausayi ya kama mutane, amma tawada ba ta yanke ba.

Inno, ke ce kika sha zartsi don alƙalami ya sha mai daɗi. Mun gode, Allah ya saka. Masu ƙaramar sana'a, ku riƙe ta kamar yadda ta riƙe tata.

Malam ya rubuta surar ƙarshe kafin damina ta faɗi. Ruwan farko kuwa jin sa kawai ya yi, bai gan shi ba.